Baye-bayen Ruhu Da Aikin Raya Ƙauyukanmu

A ƙauyuka da yawa da muke zagayawa, in an ce wane yana da baiwar Ruhu, abin da ake nufi shi ne ya iya wa'azi ko addu'a mai zafi. Mai riƙe littafin kuɗi da matar da take jinyar marasa lafiya, ba a sa su cikin lissafi. Wannan tunani yana raunana ikkilisiya, yana kuma kashe ayyukan gayya da muke kafawa da wahala.

Kalmar da Manzo Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce "karisma", tushenta kuwa "karis", wato alheri. Ke nan baiwa kyauta ce daga Allah. Ba a gadonta, ba a sayenta. Siman na Samariya ya so ya biya kuɗi ya sami ikon, Bitrus kuwa ya tsauta masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8). Ruhu Mai Tsarki ne yake rarraba wa kowane mai bi yadda ya ga dama, domin amfanin jama'a duka.

Baye-bayen iri iri ne. A 1 Korantiyawa 12 an jera guda 9: maganar hikima, maganar sani, bangaskiya, warkarwa, al'ajibai, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna, da fassarar harsuna. A Romawa 12 akwai 7: annabci, hidima, koyarwa, gargaɗi, bayarwa, shugabanci, da jinƙai. Afisawa 4 ta ambaci manzanni, annabawa, masu bishara, makiyaya da masu koyarwa. Bitrus kuwa, a sura 4 ta wasiƙarsa ta fari, ya kasa su kashi biyu, na magana da na hidima. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan ko harsuna da al'ajibai suna nan kamar zamanin manzanni, amma duk sun yarda cewa baiwar da ba ƙauna a cikinta banza ce.

Mu manoma, ya kamata mu lura da Yusufu. Fir'auna da bakinsa ya shaida Ruhun Allah yana cikinsa. Me ya yi? Ya ba da shawara a tara kashi 1 cikin 5 na hatsin Masar a shekara 7 na ƙoshi, ƙasar ta tsira daga yunwa (Farawa 41). An cika Bezalel da Ruhu domin aikin hannu na zinariya da dutse da itace (Fitowa 31). Dokas ta Yafa da allura da zare ta suturta gwauraye. Da rabon abinci ya kawo gunaguni a Urushalima, mutum 7 masu cike da Ruhu da hikima aka zaɓa su kula da shi (Ayyukan Manzanni 6).

To, ina muka baro wannan koyarwa? Sau da yawa akan ba mutum mabuɗin rumbun ikkilisiya don shi ne mai shanu ko ƙanen dattijo, ba don ya iya tafiyar da aiki ba. Kafin watan Agusta, lokacin da yunwa take tsananta, sai a tarar gero ya salwanta, ba wanda ya rubuta bashi. Haka kuma mu yi hankali da masu karɓar kaza ko kuɗi don addu'ar warkarwa, suna hana kai yaro mai gudawa asibiti. Addu'a da magani ba sa gaba. Luka kansa likita ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin zaɓen kwamitin rijiya ko na rumbu bayan kakar bana, fasto da dattawa da Zumuntar Mata su zauna su karanta waɗannan surori tare. A tambaya: wa ya iya lissafi? Wa ake jin maganarsa wajen sulhu? Wace ce take fara isa gidan mara lafiya? A ba kowa aikin da ya dace da baiwarsa, ko matashi ne ko mace. Allah ya taimake mu mu zama amintattun masu riƙon amana. Amin.