Kwatancen Gida Daban, Makullin Rumbu Daban

Wani saƙon murya ya daɗe yana yawo a wayoyin mata a ƙauyukanmu, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa har Kunchi. Mai maganar, wadda ba wanda ya san ko 'yar ina ce, tana rantsuwa cewa duk wadda ta sa lambar akawun ɗinta a sitatus ɗin WhatsApp ta gama yawo, domin 'yan damfara za su ɗauki lambar su yashe kuɗin kafin gari ya waye. Goggona na cikin waɗanda suka ji suka gaskata. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli da daddawa, 'yarta ke ɗora hotunan, masu saye daga Kano da Kaduna har Abuja su turo kuɗi, a sa musu kaya a mota. Ranar da ta ji saƙon ta sa aka goge lambar daga ko'ina. Wanda ya tambayi inda zai biya, sai a ba shi akawun ɗin mai POS na bakin titi.

Da na kai mata ziyara, a zaure na ci karo da yaron da take aika, riƙe da katin ATM ɗinta an naɗe shi da 'yar takarda an ɗaure da kyauro.

"Goggo, wannan takardar fa?"

"Lambar sirrin ce, ɗan nan, don kada yaron ya manta."

"To, lambar akawun ɗin da kuka sa aka goge fa?"

"Ai ita ce mai haɗarin. Kai ba ka ji saƙon ba?"

Na ji saƙon. Abin da ya dame ni shi ne Goggo ba ita kaɗai ba ce. Mun ɓoye abin da aka yi shi don a nuna, mun baje wanda aka yi don a ɓoye.

Ba na ganin laifinta sosai, domin ba da shiri mutanen karkara suka shiga wannan harka ba, tura su aka yi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kowa ya tuna yadda watannin farko na 2023 suka kasance: ga hatsi a rumbu, ga akuya a turke, amma babu tsabar kuɗin da za a saya da su. A lokacin ne dillalan Dawanau da na kasuwar shanu ta Ɗambatta, da mai shayi da mai ƙosai, suka koyi cewa "turo ta akawun". An koyi karɓa da turawa cikin 'yan makonni. Bambancin lambobin da ke tattare da abin kuwa ba wanda ya zauna ya koya wa kowa.

Lambar akawun alƙaluma 10 ce, bisa tsarin bai-ɗaya da Babban Banki ya fito da shi a 2010, wanda ake kira NUBAN. Aikinta ɗaya ne tak: nuna inda kuɗi zai sauka. Kalmar asusu da kanta ta isa bayani. Ka tuna asusun ƙasa da muke tara kwabbai a ciki muna yara? Tsagar da ke samansa kowa na iya zura kuɗi ta nan, baƙo ko ɗan gida, amma tsagar ba ta fitar da ko anini. Lambar akawun ita ce tsagar. Ko ka ɗauke ta kamar kwatancen gida: ka wuce masallacin Juma'a, ka sha kwana wajen kukar nan, ƙofa ta biyu mai jan kyaure. Duk garin sun san wannan kwatance, mai tallan nono ta sani, mai kawo taki a mangala ya sani, ba kuwa wanda sanin ya ba shi makullin ɗakin maigida. A wannan yanki namu da gona ke manne da gona, sai layin gamba ya raba su, yaro ma zai nuna maka gonar kowa da iyakarta. Sanin gonar wane bai taɓa sa damin geronsa ya koma rumbun wani ba.

Da a ce lambar kaɗai ta isa a kwashe kuɗi, da masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen marayu da ake karanto lambobinsu a rediyo dare da rana su aka fara yashewa. Da kantunan Kwari da Singa da suka manna tasu a bango da manyan baƙaƙe sun daɗe da rufewa. Ko a can waje haka abin yake. Kamfanin Amazon, wanda ke ba kamfanonin duniya hayar rumbunan ajiyar bayanai, yana ba kowane mai hulɗa da shi lambar shaida mai alƙaluma 12, kuma ya faɗa ƙarara cewa ba ya ɗaukar lambar a matsayin sirri. Sirrin yana wajen kalmar shiga da makullan da ke tare da ita.

Sai dai jita-jita ba ta rasa ƙwayar gaskiya da take fakewa a bayanta. Duk wanda ya shigar da lambar akawun ɗinka kamar zai turo kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa a waya. An yi haka ne don kare mai turawa, ya tabbatar kafin ya danna. A wasu manhajoji irin su OPay da PalmPay kuwa, lambar akawun ɗin mutum ita ce lambar wayarsa da aka cire sifilin farko. Ke nan wanda ya ga lambar a sitatus ya sami abu biyu, sunanka da layinka. Da su ba zai taɓa ko sisi ba, amma zai iya kiranka. Sai ka ji murya mai ladabi, da Hausa tsantsa, ta kira ka da sunanka har da na mahaifinka, ta ce daga banki ne, BVN ɗinka ta sami matsala, yau za a rufe asusun, yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, ka karanto su a gyara maka. Jin cikakken sunan nan shi ke kashe wa mutane jiki. "Ai ya san ni," in ji wanda aka yi wa. Bai san ka ba, a allon waya ya karanta.

Waɗannan lambobi da ke shigowa, galibi guda 6, su ne OTP, makulli ne da ake ƙerawa don buɗewa ɗaya, ya mutu bayan 'yan mintuna. Shi ya sa mai kiran ke gaggawa, yana cewa yi sauri Alhaji kafin su ɓace. Su, da lambar sirri mai alƙaluma 4, da lambobin da ke jikin katin ATM gaba da baya, ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi ne manajan bankin. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatarsu, aikinsa ba ya bi ta kansu. Idan an bi diddigin labaran "da lambar akawun kawai aka kwashe min", yawanci za a tarar akwai kiran da aka amsa, ko katin da aka miƙa, ko wayar da aka bari a wajen caji ba kulle. Kunya ke sa a tsallake wannan ɓangare idan ana ba da labari, sai laifin ya faɗa kan lambar da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Tsakanin lambar akawun da lambobin sirri akwai BVN da NIN, kuma a nan rikicewar ta fi yawa, domin kowacce alƙaluma 11 ce, lambar waya ma 11 ce. Na sha ganin dattijo ya fito da takarda ɗaya mai layi uku, bai san wacce ce wacce ba. BVN ta banki ce, an ƙaddamar da ita a ranar 14 ga Fabrairu 2014, tana ɗaure da zanen yatsunka da hoton fuskarka, guda ɗaya ce komai yawan bankunan da kake hulɗa da su. NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa ce, NIMC. Wanda ya manta tasa ba sai ya hau mota zuwa birni ba: a danna *565*0# a layin da aka yi rajistar BVN da shi, ko *346# don NIN, za a cire 'yan kuɗi kaɗan daga katin waya. Waɗannan ba makulli ba ne, amma kuma ba na sitatus ba ne. Kamar takardar gona suke, ana fito da ita gaban mai gari ko alƙali, ba a ba mai wucewa ya riƙe. Mai sayen man gyaɗa ba shi da abin yi da BVN ɗin mai sayarwa, haka wanda ya zo da fom ɗin tallafin taki da ba a san ofishin da ya aiko shi ba. Da irin waɗannan bayanai ake buɗe asusu ko a ci bashi da sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

A Disamba 2023 Babban Banki ya ba da umarnin cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuma da duka biyun, aka sa watan Maris 2024 a matsayin wa'adi. Manufar ba ta da aibu. Amma hukumominmu sun fi gwanancewa wajen sa wa'adi a kan yin bayani. Sanarwa ta fito daga Abuja da Turanci, saƙon banki ya shigo waya da Turanci, shi kuwa ɗan damfara ya kira da Hausar da Goggo ke ji. Duk sabon wa'adi kaka ce gare shi.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin saƙon murya ya yi gargaɗi a kansa ba, alhali ya fi komai nauyi: layin wayar kansa. Ga mai sana'a ta waya, layin nan shi ne shago, tunda WhatsApp a kansa yake. Shi ne lambar akawun a wasu manhajojin. Ta cikinsa OTP ke shigowa, da shi ake danna lambobin tura kuɗi. Wanda ya riƙe layinka ya riƙe kusan komai. Tun Disamba 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumba 2024. Mata da yawa a karkara ba su da NIN a lokacin, sai aka haɗa layukansu da ta miji ko ɗa ko ƙane. Lafiya lau, har ranar da waya ta ɓata a kasuwa aka je yin walkam bak don a dawo da layin, aka ce sai mai NIN ɗin ya zo da kansa, shi kuwa yana Legas cirani. Ko aure ya mutu, shago da asusu suka zauna a kan sunan tsohon miji. Layin da aka jefar a ƙasan akwati kuma, idan ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na karɓe lambar ya sayar wa wani. In ba a je banki an sauya ba, alat ɗinka zai ci gaba da shiga wayar baƙo.

Karɓar kuɗi ta akawun ɗin wani, irin dabarar da Goggo ta koma, ita ma da nata. Mai saye a Abuja ya ga hoton mace mai man gyaɗa, ya shigar da lamba ya ga sunan namiji, sai ya ja baya. In kuɗi ya maƙale, ba ta da bakin magana a banki tunda asusun ba nata ba ne. Shi ma mai ba da aron akawun bai tsira ba, domin ranar da kuɗin zamba ya bi ta ciki, mai BVN ɗin za a nema, ba wanda ya ara ba.

In kuwa mai saye ya ce ya tura, kai ba ka gani ba, hoton rasiɗi ba hujja ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Duba balas ɗinka da kanka kafin kaya su hau mota. Idan da gaske an cire masa, akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30 a jikin rasiɗin, an rubuta Session ID a gefenta. Ita ce kamar lambar mota da ta direba da ake karɓa idan an ba da saƙo a tasha, da ita banki ke bin sawun kuɗin. Mai turawa kuma ya karanta sunan da ya fito kafin ya danna, ya tabbatar da sunan bankin, domin lamba ɗaya na iya zama a manhajoji biyu. Alƙalami na ƙarshe a lambar banki lissafa shi ake yi daga sauran, yana kama kuskure da dama, amma lambar waya ba ta da wannan mai gadi. Ka kuskure ɗaya, kuɗin na iya sauka hannun wani bawan Allah a Enugu, dawo da shi kuwa sai da yardarsa ko umarnin kotu.

Kafin in taso na tambayi 'yar Goggo adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar. Ta ce mai shagon da aka sayi wayar a kasuwar waya ta Farm Centre ne ya buɗe, ba ta san shi ba, balle kalmar shigarsa. A cikin Gmail ɗin ne lambobin masu sayensu suke, da ajiyar hirarrakin WhatsApp inda aka rubuta wa ya biya, wa ake bi. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, amma ranar da wayar ta faɗa rijiya, wanda ya san adireshin da kalmar shiga ne kaɗai zai ɗebo abin da ke ciki. Muka shiga saitin wayar muka nemo adireshin, muka sauya kalmar, ta rubuta a bayan littafin adashi. Takardar da ke naɗe da katin na yaga ta, muka sauya lambar sirrin, lambar akawun ta koma sitatus.

Layin ne muka kasa taɓawa. Da NIN ɗin babban ɗan Goggo aka haɗa shi, yana Fatakwal, ya ce sai ruwa ya sauka zai dawo shuka.