Zazzagowar Mahaifa: Larurar da Matanmu Ke Ɓoyewa

Shekara biyu uwargidata tana sallah a zaune, tana ce min ciwon gwiwa ne. Ni kuma ina can ina jigilar kaya tsakanin Lome da Wagadugu, ban tsananta bincike ba. Sai wani dare ta yi ƙasa da murya ta ce, "Alhaji, wani abu ne ke sauko min ta gaba, kunya ta hana ni faɗa." Da izininta nake rubuta wannan.

Likita ya ce zazzagowar mahaifa ce. Akwai tsoka da jijiyoyi a ƙasan mara masu tallafe da mahaifa, da mafitsara, da ƙarshen hanji. In suka saki, sai ɗaya daga ciki ta gangaro. Mace za ta ji nauyi a mara, musamman da yamma, ko fitsari ya ƙi fita duka, ko ya zubo in ta yi tari. Wannan daban yake da yoyon fitsari, kuma ba sammu ba ne.

Abin da ke jawo ta duk mun san shi a gidajenmu: haihuwa a kai a kai, doguwar naƙuda, yunƙurin bayan gida, tsohon tari, ƙiba, da ɗaukewar al'ada. Sai ɗaukar kaya. Tun muna tsohon Zangouettin, kafin aikin ZACA ya tashe mu a 2003, na saba ganin mai jego ba ta yi arba'in ba ta koma ciccibar buhun gero da bidon na ruwa.

Maganin ya danganta da yadda abin ya sauko. In da sauƙi, ungozoma kan koya wa mace atisayen matse tsokar ƙasa, kamar mai riƙe fitsari, ta saki, kullum har tsawon watanni. In ya fi haka, akwai wani zoben roba da likita ke sawa ya tokare mahaifar, ana komawa lokaci-lokaci a cire a wanke a duba. Shi aka sa wa Hajiya, yanzu a tsaye take sallarta. In ya yi nisa sai tiyata, kuma ba kowace tiyata ake cire mahaifa ba. Mai son ƙara haihuwa ta faɗa wa likita tun farko.

A fara da CSPS na unguwa. In da bukata za su tura CMA, ko babban asibiti irin Yalgado Ouédraogo ko Bogodogo. Don Allah a guji cusa alif, ko kanwa, ko ganye, miki suke jawowa.

'Yan'uwana maza, matanmu ba za su fara kawo wannan zance ba. Mu tambaya a keɓe, cikin lallashi, mu biya kuɗin asibiti, mu samo yaron da zai riƙa ɗaukar kayan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.