Carlos Alcaraz: Ko Zai Kamo Djokovic?

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka masu bin wasan tanis ke kallon Carlos Alcaraz, ɗan ƙasar Sifaniya, wanda aka haifa a 2003. Yana da shekara 19 ya ci gasar US Open ta 2022, ya kuma zama na ɗaya a duniya. Zuwa ƙarshen 2025 ya tara manyan kofuna 6.

To, ko zai kamo Novak Djokovic, wanda ya cika 24 a 2023? Daga 6 zuwa 24 saura 18. Ke nan kofi biyu kowace shekara har shekara tara, ba fashi.

A nan gizo ke saƙa. Jarin ɗan tanis jikinsa ne, kuma jiki ba ya ba da bashi. Juan Martin del Potro na Ajantina ya doke Roger Federer a wasan ƙarshe na US Open a 2009 yana da shekara 20. Ciwon wuyan hannu ya sa aka yi ta yi masa tiyata, bai sake cin babban kofi ba. Ga kuma Jannik Sinner na Italiya, wanda ya doke Alcaraz a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2025.

Saboda haka mai son sanin makomar Alcaraz ya sa ido kan lafiyarsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.