Annobar ɓera a Zangon Kumasi

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana, cikin kurmi, inda goro yake fitowa. A dā fataken Hausa suna tsayawa a Salaga, ƙasar Gwanja, su sayi goro su komo gida. Bayan shekarar 1900 da yawa daga cikinsu suka gangara Kumasi suka zauna. Unguwarsu ita ce Zango.

Zango ya cika maƙil. Gidajen ƙasa ne, sun matse da juna, baƙi suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, ga buhunan hatsi jibge kusa da shimfiɗa. Inda hatsi yake kuwa, ɓera ba ya nisa.

A shekarar 1924 wata muguwar cuta ta ɓulla a Sekondi, bakin teku, sannan ta bayyana a Kumasi. Jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu tun 1903. Mutum yakan kwanta da zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko a wuya ko a matsematsi. Da yawa ba sa kai mako guda. A Zango cutar ta fi yin ɓarna.

Yaya take kama mutum? Asalinta cutar ɓera ce, wanda wasu ke kira kusu. Ƙuma tana shan jinin ɓera mai ciwo, ta kwashi ƙwayar cutar. Idan ɓeran ya mutu, jikinsa ya yi sanyi, sai ƙumar ta yi tsalle ta nemi wani jiki mai ɗumi. Sau da yawa jikin nan na mutum ne. Shi ya sa, kafin mutane su fara kwanciya, akan ga matattun ɓeraye a lungu da cikin rumbu. Wani likita mai suna Yersin ya gano ƙwayar cutar a 1894. A 1898 wani likitan Faransa, Simond, ya nuna cewa ƙuma ce take ɗaukar ta.

A wancan zamani babu maganin da ke warkar da ita. Saboda haka hukuma takan bi gida gida. Ma'aikatan tsabta, waɗanda Hausawa ke ce wa duba-gari, su ne ke wannan aiki. Idan suka sami marar lafiya, sai a ɗauke shi a keɓe shi. A fitar da kayan ɗaki, a dafa tufafi, a ƙone tsofaffin tabarmi. Wani lokaci a toshe ƙofa da taga, a kunna farar wuta a ciki, hayaƙinta ya kashe ƙwari. Daga baya a shafe bango da farar ƙasa. Ana kafa tarkon ɓera, ana kuma yi wa mutane allurar rigakafi.

Wanke daɓe da shafe bango suna sa ɗaki ya yi kyan gani, amma ƙumar da ke cikin ramin ɓera ba ruwanta da farar ƙasa. Ganin haka, a Kumasi hukuma ta rushe gidaje masu yawa na tsohon Zango, aka gina wata unguwa da ake kira Sabon Zango. Tana nan har yau. A 1925 aka kafa hukumar kula da lafiyar birnin.

Aikin ya zo da ɗaci. Gidan talaka da na baƙo su ne suka fi shan rusau, kuma ba a cika tambayar masu gida ra'ayinsu ba. Haka aka yi a Dakar a 1914: aka ƙone bukkoki, aka kwashe mutane zuwa sabuwar unguwar Medina. Mutumin da ya san za a ƙone masa ɗaki yakan ɓoye majinyacinsa, cutar kuwa ta samu hanyar yaɗuwa a ɓoye.

Yanzu akwai magani, in an kai mutum asibiti da wuri. Amma cutar ba ta ƙare a duniya ba, don a 2017 ta kama mutane da yawa a tsibirin Madagaska. Ma'aikatan lafiya na yau sukan fara fesa maganin ƙuma tukuna, sannan su juya kan ɓera. In an fara da ɓera, ƙumarsa za ta watse cikin gida da yunwa.