Bashi da Rushewar Kuɗi a Yammacin Amurka, 1800 zuwa 1826

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma yadda ake karɓar bashi, da wanda zai ɗauki asara idan biya ya gagara, su ne ke nuna ƙarfin mulkin ƙasa ko rauninsa. Abin da ya faru a yammacin Amurka a farkon ƙarni na 19 ya isa misali.

A wancan zamani, jihohi irin su Kentaki da Ohayo su ne bakin iyakar ƙasar, inda baƙi ke ta kwarara suna saran daji a filayen da aka raba 'yan asalin wurin da su. Fili ga shi nan birjik, amma tsabar kuɗi, watau zinariya da azurfa, ta yi ƙaranci ƙwarai. Dokar filaye ta 1800 ta yarda mutum ya sayi filin gwamnatin tarayya a kan dala 2 kowace eka, ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuwa ya biya cikin shekara huɗu. Sabili da haka kusan kowa da bashi ya soma: manomi ya ci na mai kanti, mai kanti ya ci na attajiran Filadalfiya, su kuma na 'yan kasuwar Ingila.

Bankuna suka ƙara hura wutar. A 1818 kaɗai, majalisar Kentaki ta ba bankuna fiye da 40 izinin buɗewa. Kowanne yana buga takardun kuɗinsa da alkawarin musanya su da zinariya, alhali abin da ke cikin asusunsa bai kai ya cika alkawarin ba. Muddin amfanin gona yana daraja, babu mai tambaya.

Ranar biya ta zo ne ta fuska biyu. Da farko, Bankin Amurka na Biyu, wanda aka kafa a 1816, ya shiga neman zinariya a 1818, domin a biya bashin sayen yankin Luwiziyana, sai ya matsa wa ƙananan bankuna, su kuma suka matsa wa manoma. Na biyu, farashin auduga ya faɗi da fiye da rabi a 1819, bayan masaƙun Ingila sun juya ga audugar Indiya. Nan da nan kotuna suka cika da ƙararraki. Alƙali ya yanke hukunci, a yi gwanjon gona da dabbobi a kan kuɗi ƙalilan, tun da babu mai tsabar saye. Wanda dukiyarsa ba ta isa ba, ana iya kai shi kurkuku. Ta hanyar ƙwace jingina ne Bankin ya mallaki babban ɓangare na birnin Sinsinati.

Da yake waɗanda ake bi su ne masu yawan ƙuri'a, sai majalisar Kentaki ta tsaya musu. A 1820 ta kafa bankin jiha, ta kuma yi doka cewa mai bin bashin da ya ƙi karɓar takardun wannan banki sai ya jira shekara biyu. Ba a daɗe ba darajar takardun ta koma wajen rabi, watau asara ta tashi daga kan manomi ta faɗa kan mai bin bashi. A 1821 jihar ta soke ɗaure mutum saboda bashi. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe dokar jiran a 1823, majalisa kuwa ta rushe kotun a 1824 ta naɗa sabuwa. Tsohuwar ta ƙi sauka, aka zauna da kotu biyu suna jayayya har 1826, lokacin da aka mayar wa tsohuwar ikonta.

Ita ma gwamnatin tarayya ta gane kuskurenta. A 1820 ta daina sayar da fili bashi, ta rage farashin eka zuwa dala 1.25, kuɗi hannu. A 1821 kuma ta yarda wanda ya gaza ya mayar da wani sashe na filinsa, ya riƙe gwargwadon abin da ya biya.

Darasin da ma'aikacin hukuma zai ɗauka shi ne, doka tana iya jinkirta bashi ko ta sauya wanda zai yi asara, amma ba ta iya shafe asarar. Gyara na gaskiya yana wurin ba da rancen ne, tun kafin ranar biya ta zo.