Kafin mu aiko da kuɗin siminti: gyaran tsohon gidan gado daga ƙasar waje

Kusan duk ɗan zangon da ya samu zama a waje, ko a Bronx ne, ko Hamburg, ko Landan, ko Jidda, akwai ranar da za a turo masa hoto ta WhatsApp: bangon ɗakin Hajiya ya tsage, kwanon zaure ya ci tsatsa, ruwan sama na zuba a kan gado. Yawancin gidajen da aka haife mu a cikinsu, a zangunan Salaga, Yendi, Bawku, Atebubu, Ejura da ƙauyukan da ke kewaye da su, kakanninmu ne suka gina su da ƙasa. Da mun ga hoton, abin da muke fara tambaya shi ne nawa buhun siminti. Amma akwai maganganu da dama da ya kamata a gama kafin a zo kan siminti, kuma rashin gama su ne ke sa kuɗin wahalar shekaru ya narke, wani lokacin har da zumunci.

Magana ta farko ita ce gidan na wane ne. A baki kowa zai ce "gidanmu ne", amma idan Baba ya rasu ba a raba gado ba, gidan na magada ne duka, har da 'yar'uwar da ke aure a Tamale da ƙanen da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Gyara ba ya mai da gidan gado ya zama na mai gyara. Ko malamai ne za su raba bisa shari'a, ko a bi dokar gado ta Ghana ta 1985, wadda aka fi sani da lamba 111, babu wanda zai ƙara wa mutum kaso don ya sa tayil, sai dai in da yarjejeniya tun farko. Don haka a zauna da magada da liman ko wani dattijon da kowa ke jin nauyinsa, a faɗi abin da kuɗin yake: kyauta ce ga gida, ko bashi ne da za a cire ranar rabo, ko kuwa mai gyaran zai riƙe wasu ɗakuna ne. A rubuta, kowa ya sa hannu, mata ma su sa. Mun san akwai kunya, ana ganin kamar neman takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. To ai ba don mu ake rubutawa ba. Don 'ya'yanmu ne, waɗanda aka haifa a Jamus ko Amurka, da 'ya'yan 'yan'uwanmu na gida, waɗanda nan da shekara 20 za su haɗu a tsakar gidan ba su san juna ba.

Sai maganar ƙasar da gidan ke kai. Filayen zango da yawa sarakunan gari ne suka ba Sarkin Zango da baki, aka kai goro, aka yi addu'a, shi ke nan. Kafin a zuba manyan kuɗi, a sa mai awon fili mai lasisi ya fitar da taswirar filin, a bincika a Hukumar Filaye ko akwai wani suna a kai. Wanda ya ajiye takardar zama ɗan Ghana ya ƙara lura. Tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fili fiye da shekara 50 a yarjejeniya ɗaya ba. Ghana ta halatta zama ɗan ƙasa biyu, amma da yawa daga cikin borgorinmu sun saki ta Ghana don su samu ta Jamus kafin Jamus ta sauya dokarta a 2024. Irin wannan mutum ya ga lauya kafin ya ce zai sayi kason 'yan'uwansa. Idan kuma aikin ya kai ga rushewa ko ƙara ɗakuna, a nemi izinin gini a majalisar gunduma, kada a wayi gari da jan fenti a bango an ce a dakatar da aiki. Kuma kada a ci lungu. Taku biyu da aka tura katanga cikin hanya ya isa ya hana makara wucewa, ya kuma juya ruwan unguwa zuwa gidan maƙwabci.

Yanzu mu zo kan ginin kansa, inda aka fi yin asara da kyakkyawar niyya. Wanda ya dawo daga waje ya ga bangon ƙasa, abin da ransa ke ba shi shi ne a shafe shi da filastar siminti ciki da waje, a yi fenti, ya zama kamar na bulo. Shekara biyu ko uku gida na sheƙi, kowa na sa albarka. Daga nan sai a fara ganin filastar na kumbura tana ɓallewa falle-falle.

Dalili shi ne bangon ƙasa, ko na tubali ne ko irin wanda ake cewa atakpame, kullum yana shan danshi daga tushe da damina, yana kuma fitar da shi ta jikinsa idan rana ta fito. Haka ya rayu tun zamanin kakanni. Siminti kuwa ba ya manne wa ƙasa da gaske, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka dole ya yi tsagu ƙanana. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Sai ƙasar da ke bayan filasta ta jiƙe ta yi laushi, gara ta samu wurin zama ta bi katako, alhali daga waje ba a ganin komai. Duk mai shakka ya ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan makulli, zai ji yana amsawa kamar ganga.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. Tsohon masallacin Larabanga, wanda duk Ghana ke alfahari da shi, an shafe shi da siminti a shekarun 1970 da nufin kare shi. Danshi ya maƙale a ciki, gara ta ci itatuwan, ginin ya raunana har a 2002 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na duniya da ke cikin haɗari. Da masu gyara suka zo, aikinsu na farko shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya, suka koma yaɓen ƙasa irin na da. A Djenne ta ƙasar Mali kuwa, har yau mutanen gari ke fitowa duk shekara su yaɓe babban masallacinsu da laka.

Abin da bangon ƙasa ke buƙata bai da tsada: a hana ruwa taɓa kansa, a hana ruwa kwanciya a gindinsa. A sa rufi mai dogon baki da zai zubar da ruwa nesa da bango. A gyara indararo. A yi dakali mai gangara a gindin bango, a fitar da kwata har waje. A gidaje da yawa hanya ta riga ta fi tsakar gida tudu saboda cikon shekaru, don haka ruwa ciki yake komawa, kuma in ba a gyara wannan ba duk sauran aikin banza ne. A arewa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa, shi ne kuma ya fi cancantar kashe kuɗi. Tsofaffin magina sun san makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a yi yaɓe, ruwa na zamewa a kanta amma bango na bushewa. Masu wannan sani sun fara ƙaranci, a neme su tun suna nan. Idan iyali sun dage sai siminti, a yi haɗi mai yawan yashi a kan ragar waya da aka kafe a bango, kuma a san cewa abu ne da za a riƙa dubawa duk shekara.

Akwai bangon da ba ya gyaruwa. Wanda ya karkata, ko gindinsa ya rube har hannu na shiga, a sauke shi a sake, kada a tsaya tausayin tarihi mutane na kwana a ƙarƙashinsa. Haka kuma ba a ɗora rufin kankare ko bene a kan bangon ƙasa, ko a kan tsohon ginin bulo da ba a yi masa fandisho don ɗaukar nauyi ba, komai abin da birkila zai ce. Wannan magana ce ta injiniya.

Wajen rufi, a lura da katako. Wawa yana da araha amma abincin gara ne, a nemi mai tauri a kuma shafa masa magani kafin a ɗora. Tsofaffin azarori na giginya, in ba su rube ba, sun fi yawancin abin da ke kasuwa yau, kada a bari a yi makamashi da su. Gidan da ke da tsohon rufin nan mai launin toka da ake cewa silet, a yi hattara: da yawansa da asbestos aka yi shi, ƙurarsa na jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. A jiƙa shi, a sauke shi ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ba, kada a ba yara su farfasa a yi ciko.

Bayan rufi da hanyar ruwa, sai bayan gida da wayar wuta, fenti da tayil su zo ƙarshe. Gidajenmu da yawa an mai da makewayinsu ɗakin haya tun tuni, tsofaffi na bin layin na gwamnati da asuba, kuma a ganinmu wannan ya fi rashin fenti zama abin kunya. In da rijiya a gidan, a nisanta ramin masai da ita, masana lafiya kan ce kamar mita 30. Wuta kuma a ba mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi, don tsohuwar wayar da aka ja saboda ƙwan fitila biyu ba za ta ɗauki firiza da dutsen guga ba.

Maganar kuɗi ita ce ke raba 'yan'uwa. Wanda ya aiko da kuɗin aiki gaba ɗaya a farkon 2022, lokacin da dala ke wajen sidi 6, ya ga abin da ya faru kafin ƙarshen shekarar: dala ta haura sidi 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Kuɗin da ke ajiye a MoMo ya rasa rabin ƙarfinsa ba tare da kowa ya ci ko kwabo ba, amma an zargi mutane da yawa. A riƙa aikowa mataki-mataki, a gama rufi a gani, sannan a aiko na gaba. Rodi da kwano ana iya saye a ajiye, siminti kuwa in ya wuce kamar wata uku yana fara daskarewa. Mai sayen kaya daban, mai duba aiki daban. A riƙa kiran bidiyo ana zagayawa da waya, don hoto na iya zama na gidan wani.

Mu na waje kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙanen da ya bar shagonsa ko babur ɗinsa ya wuni a kan magina wata uku, aiki yake yi. A yanka masa lada a fili tun farko. Wanda ba a biya ba shi ne ke biyan kansa a cikin kuɗin yashi. Ku kuma samarin gida, ku riƙe rasit, ku rubuta ko da kuɗin ruwan leda ne, ku tuna cewa Yaya ba tsintar kuɗin nan yake a titi ba, dare yake raba yana tuƙa tasi ko yana tsaye a masana'anta cikin sanyi.

Lokacin aiki a arewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin rijiyoyi su ja baya. Sai dai iskar hunturu na busar da kankare da wuri, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. Ba a kware rufi a watan Agusta. In akwai 'yan haya, a ba su sanarwa da isasshen lokaci, wasunsu sun fi mu daɗewa a gidan.

Kafin a zana komai, a tambayi waɗanda ke kwana a ciki. Mu wata guda muke yi mu koma, Hajiya ce za ta zauna. Tayil mai santsi a wurin alwala ya karya ƙugun tsofaffi da dama. Tagar gilashi mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, ɗaki ya zama tanda a watan Maris, alhali tsohon bango mai kauri shi ke riƙe sanyi. Masai na zama alheri ne ga mai ciwon gwiwa, amma sai in akwai tankin ruwa. Kicin na zamani ba zai hana a kafa murhu a waje ranar tuwon suna ba, don haka a bar masa wuri. Zaure da tsakar gida kuwa, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan yara ke karatun allo. Wanda ya cinye su da ɗakunan haya zai koma yana hayar rumfa yana tare hanya duk ranar da sha'ani ya tashi.

Ɗakin da muke gyara wa kanmu mu kulle mu tafi da makulli, shi ke fara lalacewa: ba iska, ba mai ganin yoyo, gara na aikinta shekara biyu ba mai hana ta. A bar makullin a hannun Hajiya ko wata Gwaggo, a riƙa buɗewa ana sharewa. A kuma ware ɗan kuɗi duk shekara, a aiko da shi a watan Maris, don a hau rufi a duba ƙusoshi, a yashe kwata, a toshe tsagun bangon gabas kafin ruwan farko ya sauka.