Ƙishirwa Bayan Guguwa

Da asubahin 24 ga Agusta, 1992, guguwar Andrew ta afka wa garin Homestead da ke kudancin jihar Fulorida a Amurka, da iska mai gudun fiye da kilomita 260 a awa. Yankin matattara ce ta masu renon itatuwa da furanni a tukwane, waɗanda suke sayar wa masu ƙawata gidaje da tituna. Gari na wayewa, rumfuna sun kwanta, tukwanen roba sun watse ko'ina.

Abin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani shi ne, shukar da ta tsallake iska tana iya mutuwa da ƙishirwa. Abin kamar almara, ga ruwa kwance a fili. Amma shukar tukunya 'yar ƙasar da ke cikin tukunyar ce kaɗai dogaronta, kullum sai an ba ta ruwa. Guguwa ta tsinke wayoyin lantarki, injin rijiya ya yi shiru, wani lokacin har makonni. Ga kuma ragar inuwa ta yage, ganyen da bai saba da rana ba ya ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa janareta da man da zai sha suke gaba da komai. Idan ruwan teku ya malalo, dole a yi ta kwarara ruwan daɗi a tukwane har gishirin ya wanke, in ba haka ba saiwa ta lalace.

Kafin a ɗaga ko tsinke, sai a ɗauki hoto. Wanda zafin nama ya sa ya share fili tas ya share hujjarsa ke nan a gaban kamfanin inshora. Ma'aikatar noma ta Amurka ma tana da shirin tallafa wa masu sake dasa itatuwa bayan bala'i, ita ma ba ta biya da fatar baki.

Masu gyaran harabar gidaje kuwa aiki ne ke yi musu yawa, kowa na kira a zo a sare masa bishiya. A nan ake yin ɓarna. Ƙaramar bishiyar da ta kwanta, in an rufe saiwarta da ƙasa ko jiƙaƙƙen buhu kafin ta bushe, ana iya tayar da ita a tokare, ta kama. Babba ce dai ke da haɗari, don ko ta miƙe, wata iskar za ta iya sake kayar da ita kan ɗaki.

Dangin kwakwa da dabino haƙuri suke so. Ransu yana can ƙoƙon kai, inda sabon ganye ke ɓullowa. Bishiyar na iya zama tsirara kamar turken lantarki, amma muddin ƙoƙon bai karye ba, masana aikin gona na jami'ar Fulorida kan ba da shawarar a jira aƙalla wata shida a ga ko za ta tofo. Ganyen da ya lanƙwashe ma, in da sauran kore a jikinsa, a bar shi, da shi take ci.